Kafin a yanke wa giyar otomatik hukuncin mutuwa

Assalamu alaikum, Edita.

Muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana da 'yan'uwanmu masu motocin haya da na ɗaukar kaya a nan Legas, musamman masu Sienna da Hiace da Odyssey da ke lodi a Agege da Iddo da Mile 12. Maganar giyar otomatik ce idan ta fara zamewa, abin da direbobi ke cewa tana silif. Akwai wani hukunci da ya zama ruwan dare a garejojin garin nan: direba ya ce mota tana ihu ba ta tafiya, tun ba a ɗaga bonet ba sai a ce masa giya ta mutu, ya nufi kasuwar kayan mota ta Ladipo ya ɗauko tokumbo, wato giyar da aka ciro daga tsohuwar motar ƙasar waje. Wani lokaci da gaske ta mutu. Amma sau da yawa lita guda ta mai ce ta rage, ko filta ta toshe, ko wata waya ta cinye, sai a bar jaki ana dukan taiki. Binciken yana da tsari, ana farawa daga abin da ba ya cin kuɗi, kuma sauke giya shi ne na ƙarshe.

Sai an fahimci yadda abin yake aiki kafin a gane ciwonsa. A cikin giyar otomatik akwai famfo wanda inji ke juyawa. Famfon yana zuƙo mai daga farantin da ke ƙasan giya ta cikin filta, ya tura shi da ƙarfi zuwa balb-bodi, wato allon ƙarfen nan mai hanyoyi kamar gidan tururuwa. Daga nan solonoyid, bisa umarnin kwamfutar mota, yake buɗe wa man hanya zuwa fistin ɗin da ake so. Fistin ya matse jerin faya-faye, ɗaya na faiba ɗaya na ƙarfe, har su kama juna su zama abu guda. Wannan matsewar ita ce shigar giya. Saboda haka zamewa iri biyu ce kawai a asali: ko dai ƙarfin man bai kai ya matse faya-fayen ba, ko kuma faibar ta cinye babu abin da za a matse. Na farko yana gyaruwa da sauƙi idan an kama shi da wuri. Idan aka ci gaba da tuƙi a haka, faya-fayen suna gogar juna, zafi ya ƙona su, na farkon ya haifi na biyu. Tafiya ɗaya da cikakken lodi ta isa ta yi wannan ɓarnar.

Abu na farko shi ne a tabbatar zamewar ce. A samu titi mara cunkoso, a sa mutum guda ya zuba wa allurar juyin inji ido yayin da direba ke tuƙi da totur daidai wa daida. Giya mai lafiya idan ta canja sama, allura faɗowa take yi nan take. Idan allura ta fara hawa da ɗari uku ko ɗari biyar kafin giya ta gaba ta kama, wannan zamewa ce a tsakanin canji. Idan kuma ana cikin giya ɗaya aka ƙara totur, allura ta tashi amma gudun mota bai ƙaru ba, zamewa ce a cikin giyar kanta. A rubuta a wace giya abin ke faruwa, da sanyi ne ko bayan mota ta yi zafi, da lodi ko babu. Amma kada a ruɗe da konbata, wato na'urar da ke tsakanin inji da giya. A cikinta mai ne ke kai ƙarfin inji zuwa giya, ba ƙarfe ba, don haka allura ta kai wajen 2,000 lokacin tashi daga tsaye ba laifi ba ne.

Akwai cututtukan da ke shigar burtu su yi kama da zamewa. Idan haƙoran shaf sun cinye ko shaf ɗin ya karye, za a sa D, inji ya yi ihu, a wasu motocin allurar gudu ma ta tashi, mota tana tsaye cak. A sa ta a P a saki burki, za a ga tana gangarawa. Wannan aikin shaf ne, giya ba ta da laifi. Idan abin da ake kira indomi a cikin salansa ya toshe, mota za ta rasa ƙarfi, direba ya danne totur, giya ta riƙa jinkirin canji. Fulogi ko kwayil da ya mutu yana sa mota fizga kamar giya ce. Burkin da ya kama taya yana sa nauyi. Sai kuma wanda ya fi ruɗar mutane: kwamfuta idan ta ga laifin lantarki takan kulle giya a lamba ɗaya, galibi ta uku, domin ta kare ta. Mota mai tashi daga tsaye da giya ta uku nauyi take yi ƙwarai, inji na gurnani, kowa ya rantse zamewa ce, alhali soket ɗaya ne ya sha ruwa ko batir ya yi sanyi ko wayar at, wadda ke haɗa batir da bodin mota, ta saki.

Daga nan sai mai, kuma a nan muke so a fi natsuwa, domin yawancin masu auna man giya ba daidai suke auna shi ba. Ba kamar baƙin mai ba ne da ake dubawa da safe inji a kashe. A motocin Toyota masu sandar awo, sai an tuƙa mota minti 15 zuwa 20 har man ya kai digiri 70 zuwa 80, a tsaya a wuri mai daidaito, ba bakin kwata ba inda taya ɗaya ke sama, a bar inji yana silo, a taka burki a bi da liba ta kowace giya ana ɗan dakatawa, a dawo P. Sannan a zaro sanda, a goge da farin ƙyalle mara gashi, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Man ya tsaya a tsakanin alamomin HOT. A duba fuska biyu na sandar a ɗauki ta ƙasa, domin man da ya fallatsa a bututu yakan yi ƙarya. Honda kuwa nata tsarin daban ne: a Odyssey mai sanda ana kashe inji ne, a auna cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Wanda ya auna Honda da tsarin Toyota zai samu lissafin banza. Sienna da ta fito daga 2011 ba ta ma da sandar. Tana da ƙaramin bututun ambaliya a cikin faranti, ana auna ta mota a kan ɗaga a miƙe, man yana wajen digiri 40, ana kallon zafin a kwamfuta. Idan aka buɗe bututun man yana da zafi sosai, zai zubar da wanda bai kamata ya fita ba, mota ta bar gareji da ƙarancin mai.

Ƙarancin rabin lita zuwa lita guda ya isa famfo ya fara zuƙar iska. Alamarsa sananniya ce: mota tana zamewa a kwana, ko bayan an taka burki da ƙarfi, ko a hawan gada, domin man ya karkata gefe ya bar bakin filta. Giya ba ta ƙona mai kamar inji, saboda haka idan ya ragu to fita ya yi, sai a nemo ta ina. A duba sil ɗin shaf na hagu da dama, gaskit ɗin faranti, tiyo biyun da ke zuwa lagireto da kilif ɗinsu, da kuma ƙasan inda giya ta haɗu da inji. Jan mai a wannan wurin sil ɗin konbata ne, shi kam sai an sauke giya. Cikawa fiye da kima ma cuta ce. Ƙarafan da ke juyawa sukan kaɗa man ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse fistin. Idan an ga ƙananan ƙwayoyin iska a jikin sanda, ko dai ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

A ɗiga man a kan farar takarda, a kalla, a sansana. Ja mai haske ko ja mai ɗan duhu lafiya ne. Ruwan ƙasa wanda har yanzu ana ganin takarda ta cikinsa, ba wari, tsufa ne kawai. Baƙi mai warin ƙuna kamar an bar tukunya a wuta, tare da ɗan gari-gari idan aka murza a yatsa, faiba ce ta ƙone. Wanda ya fi kowanne muni shi ne wanda ya koma kamar an dama madara da zoɓo. Wannan ruwa ne ya shiga, kuma a Legas ƙofa biyu yake bi. Ta farko lagireto: man giya yana ratsa wani ƙaramin bututu a cikin tankin lagireto domin ya huce, idan bututun ya ɓule sai ruwa da mai su gauraya. Masu zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji su ne ke gaggauta wannan tsatsar. A buɗe murfin lagireto inji a sanyaye, idan an ga jan mai yana yawo a sama, magana ta ƙare. Ƙofa ta biyu ita ce hancin numfashin giya da ke samanta. Duk wanda ya san damina a garin nan ya san yadda ruwa ke kwanciya a titi har ya haura tsakiyar taya. Giya mai zafi idan ta shiga ruwa mai sanyi, iskar cikinta takan tsuke ta zuƙo ruwan ta wannan hancin. Faiba kuwa dangin takarda ce aka manna a jikin ƙarfe, ruwa yana ɓanɓare ta. Motar da ta ratsa ruwa mai zurfi a duba man giyarta a ranar, kada a jira ta fara ihu bayan mako biyu.

Sai a tambayi direba wane mai aka zuba na ƙarshe, kuma wa ya zuba. Ja ba shi ne shaida ba, rini ne. Sienna ta 1998 zuwa 2003 Dexron III take sha. Ta 2004 zuwa 2006 tana son T-IV. Wadda ta fito daga 2011 WS ce, wanda ya fi su tsinkewa. Honda tana da nata, DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Nissan Quest daga 2011 ba ma irin wannan giyar take da ita ba, CVT ce mai bel ɗin ƙarfe, man otomatik na yau da kullum kashe ta yake yi. Toyota takan rubuta sunan man a jikin sanda ko kanta, a karanta. Kowane mai an haɗa shi ne da irin santsin da faibar wannan giyar ke buƙata, idan aka saɓa sai a samu karkarwa ko duka ko zamewa. Man da ake aunawa a gorar ruwa a bakin titi, wanda babu mai iya cewa daga wane duro ya fito, ba shi da wuri a giyar otomatik ko nawa ne arahar sa. Haka nan ɗabi'ar zuba man burki a giya wai don ta kama. Yana kumbura robobin ciki, mota ta yi kwana biyu kamar ta warke, daga baya robobin su ruɓe gaba ɗaya, an gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Idan mai ya cika, launinsa da kyau, kuma shi ne na motar, sai a sa ta a kwamfuta. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. A nan ma akwai kuskure: ƙaramar na'ura mai araha takan nuna P0700 ta tsaya, wannan lambar kuwa cewa kawai take yi sashen giya yana da ƙorafi, sai an samu na'urar da ke shiga sashen ta karanto ainihin laifin. P0715 da P0717 na firikwensin gudun shaf mai shiga ne, P0720 na mai fita. P0730 zuwa P0735 na nufin kwamfuta ta gwada gudun shiga da na fita ta ga lissafin bai yi daidai da giyar da ta umarta ba, wato ita ma ta ga zamewar, kuma daga P0731 lambar ƙarshe tana faɗin wace giya ce. P0741 kulocin cikin konbata ne bai kama ba. P0750, P0755, P0760 da 'yan'uwansu na solonoyid ne. P0218 zafi ne ya wuce kima. A rubuta lambobin kafin a goge. Masu cire kan batir don fitila ta mutu shaida suke ɓatarwa.

Lamba ba ta cewa a sayi kaya, unguwar da ɓarawo yake kawai take nunawa. Lambar solonoyid tana iya fitowa saboda wayar da ɓera ya ci, ko soket da ya yi kore, ko datti da ya maƙale bawul. A zare soket ɗin giya a duba ko mai ya biyo waya ya cika shi. A auna solonoyid da mita: a giyoyin Toyota irin na Sienna, masu buɗewa da rufewa kawai suna ba da om 11 zuwa 15, masu daidaita ƙarfin mai kuma om 5 zuwa 5.6, idan suna sanyi. Kuma a yi tafiyar gwaji da na'urar a haɗe, ana kallon giyar da kwamfuta ta umarta, gudun shaf mai shiga, na mai fita, da zafin mai. Idan kwamfuta ta ce giya ta uku amma gudun shiga ya tsere wa na fita, laifin na cikin mai ne ko ƙarfe. Idan kuma lambar firikwensin ce ke tsalle tana faɗuwa sifili mota tana tafiya lafiya, laifin na lantarki ne.

Yadda ciwon ke bayyana shi ma yana magana. Motar da ke tafiya minti biyar ko goma sai ta tsaya kamar an sa N, a kashe ta na ɗan lokaci a tayar ta sake tafiya, tare da wani kuka siriri daga wajen famfo, filta ce ta toshe: datti yana taruwa a bakinta idan famfo na zuƙa, ya saki idan an kashe. Wadda ke zamewa da safe ta daidaita bayan ta yi zafi, robobin fistin ne suka bushe suka taurare. Wadda ke lafiya da safe sai ta fara bayan awa guda a gosulon Oshodi ko Apapa, mai ne ke tsinkewa da zafi yana tserewa ta inda famfo ko ramukan bawul suka cinye. Wadda ba ta tashi a D amma tana ja idan an sa L, wani ƙarfe ne a cikin giya mai juyawa gefe ɗaya kawai ya saki. Karkarwa kamar an hau kwalta mai tsagi a gudun kilomita 60 zuwa 80 da totur kaɗan, kulocin konbata ake zargi. A ɗan taɓa burki da ƙafar hagu ba tare da an saki totur ba, idan karkarwar ta ɗauke nan take to a wajen take. Amma a duba fulogi da kwayil tukuna, don injin da ke tsallake wuta shi ma a daidai wannan lokacin yake fi jijjiga mota.

Akwai gwaji uku da ake yi mota tana tsaye, man yana digiri 50 zuwa 80. Na farko agogo kawai yake buƙata. Inji na silo, ƙafa a burki, a matsa daga N zuwa D a ƙirga lokacin da za a ji giya ta kama. Ma'aunin Toyota shi ne ƙasa da daƙiƙa 1.2 zuwa D, ƙasa da 1.5 zuwa R. A yi sau uku, ana barin minti guda tsakani. Daƙiƙa uku ko huɗu jinkiri ne na ƙarancin ƙarfin mai ko faibar da ta cinye.

Na biyu yana da haɗari, kada a ba yaron gareji. A sa weji a tayoyi huɗu, a ja burkin hannu, a danne burki da ƙafar hagu, kada kowa ya tsaya gaba ko baya. A sa D a danne totur har ƙasa, a karanta inda allura ta tsaya, a saki. Kada ya wuce daƙiƙa 5, don duk ƙarfin inji zafi yake komawa a cikin konbata. A koma N a bar ta ta huce minti guda ko biyu kafin a yi na R. Yawancin waɗannan motocin suna tsayawa tsakanin 2,000 da 2,500, ainihin adadin yana littafin kowace mota. Idan ya haura a D kaɗai, kulocin gaba ne. A R kaɗai, na ribas ne. A duka biyun, ƙarfin mai ne ya faɗi gaba ɗaya. Idan kuma ya gaza a duka biyun, inji ne ba shi da ƙarfi ko cikin konbata ya lalace, faiba ba ta da hannu. Da zarar an ga allura ta wuce iyaka tana ci gaba da hawa a ɗaga ƙafa. Giyar da manta ya riga ya yi baƙi da wari ba a yi mata wannan gwajin, ƙarasa ta zai yi.

Na uku shi ne wanda ya fi raba gardama, kuma shi ne aka fi tsallakewa: auna ƙarfin mai da geji. A jikin giya akwai ƙaramin noti da aka tanada don haka. A giyar U151E ta Sienna mai giya biyar, ana sa ran wajen psi 55 zuwa 60 a D idan inji na silo, wajen 100 a R. Idan ya gaza a kowace giya, a nemi filta, famfo, bawul mai daidaita ƙarfi ko solonoyid ɗinsa. Idan ya yi daidai ko'ina sai a giya ɗaya ya faɗi, yoyo ne a hanyar wannan kulocin kaɗai. Idan ƙarfin ya cika cif amma tana zamewa, faiba ta ƙare. Garejin da ke gyaran otomatik ba shi da wannan gejin, canki-canka yake yi da kuɗin mutane.

Sai a kwance faranti. A tari man a mazubi mai tsabta a auna yawansa, don a san nawa za a mayar. A ƙasan farantin akwai maganaɗisu. Laushin toka-toka kamar kwalli a jikinsu ba komai ba ne, kowace giya tana yi. Ɓarɓashin ƙarfe mai tsini wanda ke sukar yatsa, boris ne ko haƙoran giya. Ƙyalli mai ruwan zinariya tagullar bush ce ko wosha. Baƙin gari mai yawa ko ɓawo kamar ƙonannen ganye faiba ce. A fasa tsohuwar filta a leƙa cikinta, a kuma duba robar wuyanta, domin idan ta tsage ko an manta tsohuwa a rami aka ɗora sabuwa, famfo iska zai riƙa sha. Wajen mayar da faranti a yi amfani da gaskit, kada a lafta gam. Abin da ya matso ciki yakan yanke ya toshe bawul. Notocin ƙanana ne, da hannu ake ɗaure su a hankali ana tsallakawa, ba da ƙarfin tuwo ba.

Ana yawan cewa wai kada a canja man giyar otomatik, canjin ne ke kashe ta. Ga inda maganar ta samo asali: giyar da faibarta ta riga ta ƙare, garin da ke yawo a tsohon man ne ke ɗan ba ta kamu, sabon mai ya zo ya wanke, sai ta tsaya. Ba sabon man ne ya kashe ta ba, ya dai tona asiri. Idan faranti yana da tsabta kuma man tsufa kawai ya yi, a canja filta a zuba sabo. A sani cewa kwance notin zubar da mai lita 3 zuwa 4 kawai yake fitarwa daga cikin wajen 8 zuwa 9, sauran yana cikin konbata da bututu, don haka ana maimaitawa sau biyu ko uku, ana ɗan tuƙi tsakani. Hura man da injin matsi a tsohuwar giya ba mu goyon bayansa, yakan taso dattin da ya kwanta ya kai shi balb-bodi.

Idan bincike ya nuna sai an sauke, a nemi abin da ya kashe ta kafin a ɗora wata, in ba haka ba sabuwar ma hanyar za ta bi. Zafi ne babban mai laifi. Sienna an yi ta ne don mutum bakwai ko takwas da jakunkunansu. Idan aka cire kujerun baya aka jera buhu goma sha biyar masu kilo 50, an ɗora mata kilo 750 ban da direba da fasinja, sannan a tsaya da ita awa biyu a gosulo tana D, ko a kama hanyar Kano mai kusan kilomita 1,000. Motar da ke irin wannan aikin tana buƙatar ƙarin ƙaramin lagireton man giya a gaba, a haɗa shi bayan na asali, kuma a tabbatar fanka biyun suna tashi. Cire tamostat da ake yi wai don ƙasarmu da zafi shi ma yana taɓa giya: idan ruwan inji bai kai zafin da kwamfuta ke jira ba, ba ta barin kulocin konbata ya kama, sai konbata ta yi ta kaɗa mai tana dafa shi a doguwar hanya. A gosulon da ba ya motsi a koma N. A hawan gada kada a riƙe mota da totur, a riƙe ta da burki. Kuma kada a jefa ta R tana gangarawa gaba.

Wanda zai sayi tokumbo ya tafi da lambar giyarsa da hoton soket ɗinta, a ƙirga bakin soket, a tabbatar ta mai jan gaba ce ko mai jan huɗu, don kamannin waje yana yaudara. A nemi a buɗe faranti a gabansa kafin ya biya, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce. Odyssey ta 1999 zuwa 2004 ta yi suna wajen raunin giya tun a Amurka, wadda aka ciro daga irinta sai an ƙara bincike. Wajen ɗorawa a wanke bututu da tankin lagireto har sai mai tsabta ya fito, idan tsohuwar giyar ta zubar da ƙarfe ko ruwa ya shiga to a canja lagireton ɗungurungum. Kada a mayar da tsohuwar konbata, cike take da dattin wadda ta mutu. Sabuwar a zuba mata mai, a sa ta a jikin giya ana juyawa ana turawa har ta faɗa mataki uku ta zauna. Idan ba ta kai ba aka ja giya da noti zuwa jikin inji, famfo ya fashe tun ba a tayar da mota ba. Bayan an gama a goge abin da kwamfuta ta koya daga tsohuwar giya, a yi tafiyar gwaji a hankali ba lodi, a sake auna mai.

Motar da ta tsaya a hanya saboda giya kada a ɗaure ta da igiya a ja ta daga Berger zuwa Agege tayoyin gaba a ƙasa. Inji a kashe famfo ba ya juyawa, ƙarafan ciki suna gudu ba mai. A kira janwe ya ɗaga gaban idan mai jan gaba ce, idan mai jan huɗu ce a ɗora ta gaba ɗaya a kan babbar mota. Turawa kuma ba ta tayar da otomatik, kada a wahalar da yaran tasha.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu makanikan giya,
Agege, Legas.